Wanda Ya Sa wa Bangon Baffa Gishiri

Zuwa ga mahaifina, Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ɗa yake durƙusawa ya yi wa mahaifinsa, da addu'ar Allah ya ƙara haskaka makwancinka, ina sanar da kai cewa mutanen gida duk lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da hawan jininta. Rakiya matata, wadda ka bari tana amarya tana ɓoye fuska in ta hango ka, yanzu ita ce mai tsawatar wa yara a tsakar gida har maƙwabta su ji. Shanunka ma suna gaishe ka, in dai saniya tana gaisuwa.

Na san wasiƙar nan ba za ta iske ka ba. Wasu ne za su karanta ta a wayoyinsu, har su ce Habu tela ya kwaso maganar gida ya baza a waje. To, su ce. Na gaji da riƙe ta a ciki, kuma wanda ya ƙulla maganar ba ya nan, balle in same shi a zaure bayan la'asar in tambaye shi. Maganar ɗakin shanunka ce, Baffa. Yana dab da faɗuwa, kuma ba tsufa ne zai kayar da shi ba.

Ka tuna lokacin da ka gina shi. Mutanen unguwarmu Yakasai suna ta rushe sorayensu suna jera bulo suna buga kwano, kai kuma ka sa jakuna suna ta shigo maka da jar ƙasa bayan gida. Abokanka na masallaci suka yi ta tsokanarka, wai Bafillace ko ya shekara ɗari a birni sai ya fifita saniya a kan kansa, ga shi zai gina wa dabba soro. Ba ka taɓa yin fushi ba. Abin da kake ce musu kawai shi ne, "Kwano tukunya ne, ni kuwa ba dafa su zan yi ba."

Ba ka ɗauki masu taka ƙasa ba. Ka baza ta, ka zuba ruwa, ka watsa yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, sannan ka kwance shanun ka kora su kan kwaɓin, ni da Yaya Kabiru muna biye da su muna ta zagaye har laka ta kai mana gwiwa. Ka ce su za su kwana a ciki, su taka abinsu. Aka bar kwaɓin ya ruɓa har warinsa ya kai zauren maƙwabta, sannan ka zauna ka dunƙula tubali aka shanya a rana. Kana ɗora layi, sai ka tsaya ya bushe kafin ka ɗora na gaba, ko da kuwa wa zai yi maka gori a kan jinkiri. Da aka gama aka jera azara, aka yi rufi da ƙasa, aka shafe shi da makuba, yaɓen ɓawon ɗorawa mai hana ruwa shiga, aka sa indararo suna zubar da ruwa ta yamma.

Bangon gabas ka fi ba wa kauri. Ka dafa shi ka ce mana mu riƙe wannan a ranmu: hadarin Kano ta gabas yake tasowa, duk ginin ƙasan da ya faɗi ta nan aka fara cinsa. Yaya Kabiru yana tsaye a damanka lokacin da ka faɗa. Ban manta da wannan ba, kuma bana na tuna shi fiye da yadda ya kamata.

Da bazara ta zo, waɗanda suka yi maka dariya su ne suka riƙa shigowa da rana tsaka, wai sun zo duba lafiyar maraƙi. Sai su samu gefe su zauna a cikin ɗakin shanu suna shan sanyi, saboda ɗakunansu na kwano sun kore su. Kai kuma sai ka sa a dama musu fura, ba ka tuna musu komai.

Sai ciwon ajalinka. Muna zaune ni da Yaya Kabiru a gefen gadonka, Inna tana bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Ka ce, "Muddin ɗakin nan yana tsaye, kada a raba bayan gida. Kada kuma hannun wani ya rushe shi." Ni ka kalla da ka faɗi haka, Baffa. Ba ka kalli Yaya ba, ba ka kalli Inna ba. A lokacin girma na ji ka ba ni.

Ba a daɗe da rasuwarka ba Yaya Kabiru ya ta da maganar rabo. Ba zan zalunce shi ba, yana da hujja. Yana haya can bayan gari, inda sai ka hau mota biyu kafin ka isa, shi da matarsa da yara a ɗaki da falo, mai gida kullum da sabon sharaɗi. So yake a sayar da shanun, a share wurin, ya tayar da ɗakuna ya dawo gidan ubansa. Ya ce ya tambayi malamai, sun ce gado haƙƙi ne, ba a ɗaure shi da igiyar saniya. Ni kuma na ce maganar uba ba ta mutuwa don uba ya mutu. Murya ta hau murya, har muka juya ga Inna ta raba mu. Ta kalli tabarma ta ce, "Ai kun ji abin da ya faɗa." Ni dai na ɗauka ta tsaya a bayana ne.

Tun daga ranar Yaya ya janye ƙafa. Sai Juma'a yake zuwa, bayan an sauko daga masallaci, ya shiga ɗakin Inna ya gaishe ta, ya ajiye mata cefane, ya fita. Ya daina kawo yaransa. In muka haɗu a soro, da bakin yatsu muke musabaha.

Ni kuwa ban taɓa fashin yaɓe ba. Duk shekara kafin ruwa ya sauka nake rufe shago, in sa a kawo ƙasa, in kwaɓa yadda ka koya mini, in bi bango in cike duk inda damina ta ci. Jakuna sun ƙare, yanzu tifa ce take juye ta a bakin layi mu kwashe da baro, kuma kududdufin da kake ɗebo ƙasa an cike shi an yi shaguna. Masu kawo mini ɗinki sun saba, in suka ga ƙofa a rufe sai su ce Habu ya tafi yi wa shanu kwalliya. Shanun ma ba su da yawa yanzu, 'Yar Bichi ce da 'yarta da wata tsohuwa da ta daina haihuwa, sai ragunan da nake turkewa saboda layya. Inna ce take tatsa kamar kullum, ko da gwiwa tana damunta, in na ce ta bari sai ta ce hannun Rakiya bai iya ba.

To, bana da zafi ya fara, na shiga duba bango kamar yadda na saba. Ta waje lafiya lau. Da na shiga ciki na kawar da harawar da aka jingine a jikin bangon gabas, sai na ga rami a gindinsa, dogo, ya bi bangon kusan daga kusurwa zuwa kusurwa. Na zura hannu ya shige har gwiwar hannu. Ka san abin da wannan yake nufi. Bango ne mai nauyin azara da rufin ƙasa a kansa, an cinye masa ƙafa ta ciki, ga ruwa zai zo ya doke shi ta waje.

Na fara ɗora wa ɓera laifi. Amma ɓera yana barin ɓurɓushi, nan kuwa babu. Na ce gara ce, amma babu hanyarta ko ɗaya. Cikin ramin sumul yake kamar cikin ƙwarya, kuma da danshi. Ina tsugune ina ta wannan tunani sai 'Yar Bichi ta bar dusar da ke gabanta, ta ja igiyarta har ta ƙure, ta durƙusa a kan gwiwoyinta ta zura harshe cikin ramin tana lasa, idonta a lumshe don daɗi.

Na ɓantari ƙasar na sa a baki. Gishiri ne, Baffa. Na san ɗacin da fitsarin shanu yake bari a tsohon bango, wannan ba shi ba ne. Gishirin miya ne tsaf. Na tashi na bi sauran bangwayen ɗaya bayan ɗaya ina ɗanɗanawa kamar wanda ya taɓu, da wani ya leƙo da shike nan sunana ya ɓaci a unguwa. Yamma ƙasa ce zalla, kudu da arewa haka. Gabas kaɗai aka jiƙa da ruwan gishiri, kuma daidai inda harshen saniya zai kai.

A nan na gane ba tsautsayi ba ne, aiki ne. Kuma aikin wanda ya san shanu, ya san ginin ƙasa, ya san ta inda hadari yake zuwa. Na kwaɓa ƙasa na toshe ramin, na sayo gishirin lasa na ajiye musu a kwamin da suke cin dusa ko za su ƙyale bangon. Ba a jima ba na tarar sun sake buɗe shi, sabon yaɓen ma an jiƙa shi.

Na fara zargin maƙwabcinmu Alhaji Ɗanjuma, wanda ya tayar da bene a inda gidan marigayi Malam Sule yake. Ya sha tsayar da ni a hanya yana tambayar ko za a sayar da bayan gidan, wai motocinsa ba su da wurin kwana. Har ya taɓa cewa ƙudan shanunmu suna shigar masa falo. Na yi kwanaki ina amsa gaisuwarsa a daƙile. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga ba shi da ta inda zai shigo, ƙofar baya kullum a kulle take, kuma mutumin da in ba don alƙibla ba bai san gabas ba, ina zai san wannan dabara.

Sai zuciyata ta tafi inda tun farko take son zuwa. Yaya Kabiru. Shi ya taka ƙasar nan tare da ni, shi ya ji abin da ka ce game da bangon gabas, shi ne kuma zai amfana in ya faɗi. Ka ce kada hannu ya rushe shi, to ga hanyar da babu hannu. Na ce a raina lallai Yaya, ashe karatun da aka kashe maka kuɗi a kai nan ya tsaya.

Na koma zaman zaure duk Juma'a, ina riƙe da wata riga ina yi mata aikin hannu, idona a kansa. Yana shigowa ina bin sa da kallo har ɗakin Inna, yana fitowa ina raka shi da ido har bakin layi. Ko sau ɗaya bai nufi bayan gida ba. Wannan bai wanke shi a wurina ba, sai ma ya ƙara mini zargi, na ce ai mai wayo ba ya zuwa da kansa.

Ranar nan ledar cefanensa ta yage a soro, kaya suka zube. Ga omo, ga sukari, ga man gyaɗa, sai ga ƙaton ƙullin gishiri, wanda ya isa gidan biki. Ka san likita ya hana Inna gishiri, miyarta daban Rakiya take yi mata, lami, tana ci tana mita. Na ce masa, "Yaya, wannan gishirin fa, wa zai ci?" Ya tsince kayansa bai ko kalle ni ba, ya ce, "Inna ce ta ce a ƙaro. Ko shi ma sai na nemi izininka?" Na ce a raina ga ƙarya har da jingina ta ga tsohuwa.

To in shi yake kawowa, wa yake zubawa? Dole akwai na cikin gida. Baffa, a nan ne zargi ya kai ni inda nake jin kunyar faɗa, amma tunda na fara sai na ƙarasa. Na fara kallon Rakiya. Ta sha yin ƙorafin wari da ƙuda, ta sha cewa yara sun girma, maza da mata a ɗaki ɗaya, ga fili a baya an bar wa dabbobi. Kuma tana shiri da matar Yaya, suna waya suna dariya. In ta ɗauki bokiti ta nufi baya sai in sami dalilin bin ta. In ta yi dariya a waya sai in kasa kunne. Na riƙa yi mata tambayoyi a karkace, wa ya shigo yau, wa ya fita, me ya sa zaninki ya jiƙe.

Mace ba ta rasa gane irin wannan. Wata rana ta ajiye mini abinci ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, in zargina kake yi ka faɗa kai tsaye. Ka daina bi na kamar ɓarauniya a gidan aurena." Na jawo kwanon na hau cin abincina, wannan kuwa ya fi mata zafi. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, da "ga ruwan wanka".

Na je kasuwa na sayo kwaɗo na garƙame ƙofar ɗakin shanun. Makulli biyu ne. Na riƙe ɗaya, ɗayan kuma na kai wa mutum ɗaya tak da na yarda da ita a duk gidan, saboda tatsa. Inna ta karɓa ta juya shi a tafin hannunta, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Ta ce, "Allah ya yi albarka." Ba ta tambaye ni dalili ba, ni kuma ban tambayi kaina me ya sa ba ta tambaya ba.

Ramin bai daina girma ba. Har na fara tunanin ko an yi wa makullin kwafi, ko ana haurowa ta katanga. Na bi kan katangar ina neman sawu. Na daina cin abinci da daɗi, na ɓata wa mutane ɗinki, wani na yi masa hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Akwai abin da ya kamata ya farkar da ni. Da gajimare ya fara haɗuwa, duk ranar da gabas ta yi duhu, sai Inna ta kira ni ko ta aika a kira ni daga shago, ta ce a fito da shanu a ɗaure su a gindin darbejiya. In na ce ai saboda ruwa aka gina musu ɗakin, sai ta ce, "Ka fito da su na ce, su sha iska." Ba ta zama sai ta ga an fito da maraƙar ma. Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Ranar da abin ya bayyana ba wani shiri na yi ba. Wuta aka ɗauke da hantsi, ga janareta ya ƙi tashi, sai na rufe shago na taho gida. Rakiya ta tafi gidan suna a unguwar Kabara, yara suna makaranta. Maimakon in bi ta zaure sai na zagaya ta lungu na shigo ta ƙofar da shanu suke bi. Na tarar da kwaɗon ɗakin shanun a buɗe yana rataye.

Inna ce, Baffa. Ta dafa bango da hannu ɗaya saboda gwiwa, ta sunkuya, da butar alwalarta a ɗaya hannun, tana bin gindin bangon gabas tana tsiyaya ruwa a hankali, yadda ake ba shuka. Shanun suna ta turereniya a bayanta, tana kiran sunayensu tana cewa su yi haƙuri kowa zai samu. Ga ƙullin gishiri a buɗe a kan kwami.

Ba ta firgita ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ka dawo da wuri." Sannan ta ƙarasa juye abin da ya rage a butar.

Na zauna a ƙasa, cikin kashin shanu, da fararen kayana. Na ce, "Inna, maganar Baffa fa?" Ta ce, "Cewa ya yi kada hannun wani ya rushe shi. Ka ga hannuna ya ɓantari ko ƙwayar ƙasa? Shanunsa ne. Su suka taka shi, su suke cin abinsu."

Ta nemi kwami ta zauna a bakinsa, ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Abin da ta faɗa bayan nan ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba, kuma ina zaton kai ma ba ka taɓa ji ba. Ta ce ita 'yar unguwar Mandawari ce, cikin birni, gidan masu sayar da turare, ba ta taɓa taɓa nonon saniya ba sai da aka kawo ta gidanka. Ta ce tun tana amarya ƙarnin madara yake tayar mata da zuciya, ta koyi haɗiye shi ne kawai. "Duk shekarun nan ina tatsa, ubanku ya taɓa tambayata ko ina so? Kowa sai ya ce shanun Inna, shanun Inna. Ni ban taɓa cewa nawa ba ne." Ta ce ta ga 'ya'yanta biyu suna gaisawa kamar baƙi a kan ɗakin dabbobi, ta ga jikokinta suna girma a wata unguwa ba su san ƙofar ɗakinta ba. "Kwana nawa ya rage mini, Habu? So nake in farka in ji kukan yaro ta bayan ɗakina. Na ji na saniya ya ishe ni."

Na ce me ya sa ba ta faɗa ba ranar da muka tambaye ta. Ta ce, "In ce me? In ƙaryata shi ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Kuma kai ya kalla."

Na tambaye ta ko Yaya Kabiru ya sani. Ta ce, "Shi gishiri kawai yake saye." Wannan amsa ba ta kwantar mini da hankali ba, kuma har yau ban wanke shi ba. Mutum ya riƙa saya wa mai hawan jini gishiri irin wannan, bai taɓa tambaya ba? Ko bai sani ba, ko ya zaɓi kada ya sani. Rakiya dai na ba ta haƙuri. Ta ce ta ji, amma har yanzu ba ta dawo da dariyarta ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu zargin ya ƙare a kan masu rai, saura kai, Baffa. Ka gafarce ni, amma dole in tambaya. Ka sani? Kai da kake gane saniya ba ta da lafiya tun daga yadda take kaɗa jela, a ce ba ka taɓa ganin matarka tana kawar da fuska daga ƙwarya ba? Me ya sa ni ka kalla ranar nan? Na daɗe ina cewa don ka fi yarda da ni ne. Yanzu ina zargin don ka san a cikinmu ni ne wanda ba ya tambaya, in an ce riƙe sai ya riƙe har hannu ya tsage.

Wani lokaci kuma sai zuciyata ta yi sanyi, in ce wataƙila don ita ka yi. Ka ga yadda ake sayar da gidajen gado a unguwar nan kafin a yi sadakar arba'in, a kwashi tsohuwa a kai ta ɗakin baya a gidan wani ɗa. Wataƙila ka ce muddin shanu suna nan, tana da nononta, tana da gidanta, ba mai tayar da ita. In haka ne ka yi mata katanga, ita kuma ta zauna a ciki tana neman ƙofa. Da ka tambaye ta, Baffa. Da ni ma na tambaye ta.

Ga inda ake. Ƙasar yaɓen bana tana nan a bayan gida, na riga na kwaɓa ta ta ruɓa, ta yi yadda kake so. In na tashi gobe da safe zan iya toshe ramin, in ɗaure bangon da sabon tubali, in karɓe makulli, ɗakin ya ƙara shekaru yana tsaye. Na san yadda ake yi. Na tsaya a kan kwaɓin nan na daɗe, shebur a hannuna.

Bana ba zan yi yaɓe ba. Na faɗa, na kuma rubuta. Na kai shanun ƙauye wurin danginka, 'Yar Bichi ta yi ta waiwaye a cikin mota. Ba zan sa wa bangon diga ba, ba zan zare azara ko ɗaya ba, ba zan bar kowa ya taɓa shi ba. Amma ba zan ƙara tsayawa tsakaninsa da ruwa ba. Tsakanin maganarka da hawayen Inna, na zaɓi wadda zan iya shiga ɗakinta gobe in gaishe ta ta amsa.

Jiya da la'asar gabas ta haɗe, iska ta taso. Na fito na tarar Inna ta jawo kujera ta zauna a inda take hango ɗakin, carbi a hannu amma ba ta ja. Na zaci murna zan gani a fuskarta. Kuka take yi, Baffa, ba sauti. Hadarin ya yi ta ruri ya wuce bai zubar ba. Da ta tashi shiga ɗaki ta riƙe kafaɗata, ta ce, "In ya faɗi, kafin a kwashe ƙasar, ka tona ka nemo mini tubali ɗaya da bai fashe ba. Akwai shatin yatsunsa a jiki, ina zaune ya dunƙula su."

Na ce to. 

Allah ya jiƙanka, Baffa, ya yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, ya sa kabarinka ya fi ɗakin nan sanyi. Allah ya ba Inna tsawon ran da za ta ga abin da take jira, ya daidaita tsakanina da ɗan'uwana, ya cire mini wannan zargi da ya zame mini ciwo. In na saɓa maka, ka yafe mini. Ranar da Allah ya haɗa mu, in za ka tambayi wanda ya bar ɗakinka ya faɗi, ga ni, ba zan ɓuya ba. Roƙona ɗaya ne, ka bari ta fara magana, wannan karon ka saurare ta har ta gama.

Wassalam.

Ɗanka mai yi maka addu'a kullum,
Habu